Idan Ruɓa Ta Kai Ga Jijiyar Haƙorin Madara

"Likita, a hidda shi kawai, ai ko an bar shi faɗuwa zai yi." Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin duba haƙori a Sakkwato ya ji wannan magana daga bakin uwa ko kaka da ta riƙo hannun yaro ɗan shekara biyar mai kogo a turminsa na ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin haƙoran madara 20 ne, kuma babu ɗayansu da zai raka yaro zuwa girma. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ba rana ɗaya suke zubewa ba. Na gaba su ke fara famfara tun yaro yana shekara shida ko bakwai, amma turamen baya suna nan daram har ya kai shekara 9 zuwa 12. Ke nan turmin ɗan shekara biyar yana da sauran aikin shekara huɗu zuwa bakwai a gabansa, na taunar abinci da na tsare wa haƙorin girma gurbinsa a cikin muƙamuƙi. Wannan ne ya sa likitocin haƙori suka shafe fiye da shekara ɗari suna neman hanyar yi wa jijiyar irin wannan haƙori magani a bar shi a baki, kuma har yau ba a rufe muhawara kan abin da ya fi dacewa a saka a ciki ba.

Sai an san ginin haƙorin kafin a fahimci muhawarar. Daga waje akwai farin ɓawo, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai dantin, mai kama da ƙashi, cike da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka mai laushi da jijiyoyin jini da na jin zafi, wadda ta zarce ta cikin saiwoyi har ta haɗu da muƙamuƙi. Ita ce mutane ke kira jijiyar haƙori, ni kuwa zan riƙa ce mata ɓargo, domin zamanta a cikin haƙori ya yi kama da zaman ɓargo a cikin ƙashi. A haƙorin madara ɓawon da dantin ɗin sirara ne, kusan rabin kaurin na babba, ɗakin ɓargon kuwa yana da faɗi, da ƙahoni da suka miƙo kusa da sama. Shi ya sa ruɓar da za ta daɗe tana cin haƙorin babba kafin ya ji a jikinsa takan kai ga ɓargon yaro cikin 'yan watanni. Duk da yadda maganar tsutsar haƙori ta zauna a bakin jama'a, masu ɓarnar ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikin haƙori, suna cin ragowar sukarin alawar madara da shayin safe da mazarƙwaila da lemon kwalba, suna fitar da wani tsami mai narkar da ɓawon a hankali. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke ɗauke da ruɓa a haƙoran madara.

Akwai wani abu game da turmin madara da ya fi kowane tayar mini da hankali. Saiwoyinsa a buɗe suke kamar duwatsun murhu, kuma a tsakaninsu ne tohon haƙorin girma yake kwance yana ginuwa. Daɓen ɗakin ɓargon siriri ne, yana da ƙananan hanyoyi da suka ɓulla ƙasa. Idan ɓargon ya mutu ya ruɓe, ta nan mugunya take tsiyaya ta taru daidai kan tohon, har a wasu lokuta sabon haƙorin ya fito da tabo mai ruwan ƙasa ko ɓawo mai lahani wanda zai zauna da mutum iya rayuwarsa.

A ganina, duk wani bayani kan magunguna yana zuwa ne bayan tambaya ɗaya: a wane hali ɓargon yake ranar da aka kawo yaron? Ƙaramin yaro ba ya iya kwatanta ciwonsa, kuma gwajin sanyi da ake yi wa manya ba abin dogaro ba ne a kansa, saboda tsoro kaɗai kan sa ya ce yana jin zafi. Don haka rabin binciken a bakin uwa yake. Likita zai tambaye ta, "Hajiya, sai yana cin abinci yake kuka, ko yakan farka da dare haka kawai?" Idan zafin yana zuwa ne lokacin da abinci ya shiga kogon ko ya sha ruwan sanyi, ya kuma lafa da zarar an wanke bakin, alama ce ɓargon ya fusata amma zai iya komawa lafiya. Idan kuwa yaro yana tashi tsakar dare yana dafe kunci ba tare da ya ci komai ba, kumburin ya riga ya yi nisa. Mafi yaudara shi ne hali na uku, inda uwa za ta ce ya yi mako yana kuka amma ta sa masa kanumfari, ta sayo magani a kemis, ciwon ya tafi. Sau da yawa abin da ya faru shi ne ɓargon ya mutu, mataccen nama kuwa ba ya jin zafi. Idan aka ɗaga leɓen yaron sai a ga ɗan ƙurji a dasashi gefen haƙorin yana fitar da ruwa, ko a taɓa haƙorin a ji yana girgiɗi alhali lokacin faɗuwarsa bai yi ba. Ƙaramin hoton haƙori shi ke cike sauran, domin yana nuna ko akwai sauran katangar dantin tsakanin kogo da ɓargo, da ko duhu ya bayyana a tsakanin saiwoyi, wanda ke nufin ƙashi ya fara zaizayewa.

Idan aka yi sa'a yaron ya zo a hali na farko, mafi alherin magani shi ne wanda ba ya taɓa ɓargon sam. A da ana koyar da cewa dole a kankare duk wani ruɓaɓɓen dantin har a kai ga fari mai tauri, kuma wajen bin wannan koyarwa ne ake huda ɗakin ɓargon da ba shi da laifi. Yanzu an gane cewa idan aka tsabtace gefunan kogon sosai, aka bar ɗan abin da ke daf da ɓargon, aka kuma toshe shi ruf yadda miyau da sukari ba za su sake shiga ba, ƙwayoyin cutar da suka rage sukan rasa abinci su lafa, ɓargon kuma ya gina sabon dantin ya kare kansa. Abin da aka fi shimfiɗawa a nan shi ne simintin gilas ayonoma, wanda ke kama jikin haƙori da kansa yana kuma sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori. Masu aiki da shi a nan sun san halinsa: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, yakan fara daskarewa tun bai bar kan takardar kwaɓi ba, don haka sai an ajiye shi a wuri mai sanyi an kuma yi hanzari. Wata likita a Sikotilan mai suna Norna Hall ta kai wannan tunani ƙarshensa, inda ta riƙa kifa hular ƙarfe cike da simintin a kan turmin yaro ba allura, ba huda, ba kankara. Masu bincike a Jami'ar Dandi suka bi bayanan marasa lafiyarta suka wallafa a 2006, kuma daga nan dabarar ta bazu a duniya da sunanta. Ga yaro mai tsoro, ko asibitin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan dabara babbar rahama ce, amma sharaɗinta ba ya sassauci: dole ɓargon ya kasance lafiya, babu ciwon dare, babu ƙurji. Wanda ya kifa hula a kan mataccen haƙori ya rufe tukunya ne tana tafasa.

Akwai kuma liƙa magani kai tsaye a kan ɗan hudar da aka yi wa ɓargo. Ba a cika yin haka a haƙoran madara ba sai hudar ta kasance ƙarama ƙwarai a haƙorin da ba shi da alamar kumburi.

Aikin da aka fi sani, wanda kuma muhawara ta fi zafi a kansa, shi ne yanke rabin ɓargo, wanda likitoci ke kira falfotomi. Hikimarsa ita ce kumburi yakan fara ne daga sama, a ɗakin, kafin ya gangara saiwoyi, saboda haka idan aka cire na ɗakin aka bar na saiwoyi da rai, haƙorin zai ci gaba da zama har ya faɗi a kan lokacinsa. Na taɓa tsayawa kusa da kujera ana yi wa wata yarinya 'yar shekara shida wannan aiki a wani asibiti a nan cikin gari. Bayan allurar kashe zafi, likitar ta ɗaura wa haƙorin shimfiɗar roba don kada miyau ya shiga, ta kwashe ruɓar, ta ɗage rufin ɗakin gaba ɗaya, sannan ta sa ɗan cokali mai kaifi ta ɗebe tsokar har bakin saiwoyin suka bayyana kamar jajayen ɗigo a ƙasan rami. Sai ta ɗauki 'yar auduga da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, ta jiƙa da ruwan gishirin asibiti, ta danna a kai, ta yi shiru tana duban agogo. Uwar ta zaci an gama, ta fara gyara mayafi. Likitar ta ce, "Hajiya, ɗan dakata, yanzu ne haƙorin zai gaya mana gaskiya." Da ta ɗaga audugar bayan 'yan mintuna, jinin ya tsaya cak, launinsa ja mai haske, abin da ke nuna ɓargon saiwoyin lafiya yake. Da a ce ya ci gaba da ɓulɓulowa, ja mai duhu, to kumburin ya sauka ƙasa, kuma babu maganin da za a ɗora a kai ya yi amfani komai tsadarsa.

Abin da ake ɗorawa a kan waɗannan jajayen ɗigo shi ne tarihin fannin gaba ɗaya. Mafi daɗewa shi ne fomokirisol, wanda wani likita Ba'amurke mai suna Buckley ya haɗa a 1904, da fomaldihaid kashi 19 cikin ɗari da kirisol kashi 35, kuma wani likita mai suna Sweet ya shigar da shi aikin haƙoran yara a 1930. Aikin maganin shi ne ya sandarar da saman tsokar ya kashe ƙwayoyin cuta. Ana jiƙa auduga da shi, a matse, a ɗora na minti biyar, daga baya ma aka koma tsarma shi kashi ɗaya cikin biyar. Yana da araha, kwalba ɗaya tana yi wa yara da yawa, ba ya lalacewa da wuri, kuma ya yi shekaru yana ba da sakamako mai kyau. Matsalarsa fomaldihaid ɗin ne, sinadarin da ake adana gawa da shi a ɗakin koyon likitanci. A 2004 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam. Hujjar ta fito ne daga ma'aikatan masana'antu da suka yi shekaru suna shaƙarsa, kuma abin da ke jikin 'yar audugar likita kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa wasu masana suka ci gaba da kare shi. Duk da haka hukuncin ya sa likitoci da yawa, musamman a Turai, suka juya masa baya.

Cikin waɗanda aka gwada a madadinsa akwai ferik salfet mai ƙarfin kashi 15.5 cikin ɗari, wanda ake shafawa na daƙiƙa 15 ya daskarar da jini ya toshe bakin jijiyoyin. Yana da sauƙin aiki, sai dai yana iya ɓoye gaskiyar da jinin ke faɗa idan aka shafa shi tun kafin a tabbatar jinin yana tsayawa da kansa. Kalsiyam haidiroksaid kuwa, wanda wani likita mai suna Hermann ya gabatar a Jamus a 1920 kuma yake da amfani a haƙoran manya, ya ba da kunya a nan, domin yakan sa saiwar ta fara cin kanta daga ciki.

Canjin gaske ya zo ne daga Jami'ar Loma Linda a Kalifoniya, inda Mahmoud Torabinejad da abokan aikinsa suka fito da wani garin magani mai suna MTA a farkon shekarun 1990, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1998. Wanda ya san masana'antar siminti ta Kalambaina zai yi mamakin jin cewa asalin wannan magani dangin abin da ake sarrafawa a can ne, wato sinadaran kalsiyam silikat, sai dai an tace shi daga gurɓatattun ƙarafa, an niƙe shi lukui, an ƙara masa sinadarin bismut don ya fito a hoto. Bambancinsa da fomokirisol a manufa yake: wancan yana sandarar da tsoka, wannan yana barin ta da rai. Yana daskarewa a cikin danshi, yana toshe wurin ruf, kuma ɓargon da ke ƙarƙashinsa yakan gina gadar sabon dantin. Aibinsa shi ne yakan ɗauki kusan awa uku kafin ya daskare, yana iya sa haƙori ya yi toka-toka, sannan ga tsada. Kamfanin Septodont na Faransa ya fito da ɗan'uwansa Biodentine, mai daskarewa cikin kamar minti 12 kuma bai cika ɓata launi ba. Ƙungiyar likitocin haƙoran yara ta Amurka, a jagorarta ta 2017, ta ajiye MTA da fomokirisol a sahu ɗaya, amma a ta 2024 ta fifita dangin kalsiyam silikat a kan sauran.

Ni ma da za a ba ni zaɓi ga ɗana, MTA zan ce. Amma ba na ganin adalci ne a ɗora laifi a kan likitan da ke aiki da fomokirisol tsarmamme, a matse, a kan haƙorin da ya killace da kyau, idan abin da ke gabansa ke nan, kuma uban yaron ya riga ya kashe abin da ke aljihunsa a kuɗin mota daga Gwadabawa ko Tangaza. Maganin da ake shigowa da shi da dala ba kowane gida ne zai iya ɗaukarsa ba, kuma idan zaɓin ya zama tsakanin tsohon magani da cire haƙorin da zai iya rayuwa, tsohon maganin ya fi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayi magani mai tsada a yi sakaci da murfi. Turmin da aka ɗage wa rufi ya zama kamar ƙwarya, kuma idan aka cike shi da siminti na wucin gadi aka ce a dawo mako mai zuwa, yawancin masu zuwa daga nesa ba za su dawo ba tunda ciwo ya tafi. Simintin zai gutsure, miyau ya shiga, aikin ya lalace. Hular ƙarfe mara tsatsa, wadda wani likita mai suna Humphrey ya gabatar a 1950, ita ce murfin da ya fi aminci, kuma ya kamata a sa ta a zama ɗaya da aikin. Wasu iyaye kan yi turus da ganin ƙarfe a bakin yaro, amma yaran kansu sau da yawa murna suke, suna nuna wa abokai sun samu haƙorin Makka. Hular takan faɗi tare da haƙorin idan lokacin famfara ya yi.

Idan jinin ya ƙi tsayawa, ko aka buɗe ɗakin aka tarar da shi a bushe yana wari, sai a koma kwashe ɓargon duka har na saiwoyi, wato falfektomi. Aiki ne mai wuya, domin hanyoyin saiwar turmin madara sirara ne, a lanƙwashe, masu rassa, kuma dole 'yan zartunan da ake tsabtace su da su su tsaya kafin ƙarshen saiwa saboda tohon da ke ƙasa. A nan ƙa'ida ɗaya ce ke mulkin zaɓin magani. Saiwar haƙorin madara narkewa take a hankali yayin da na girma ke turowa, don haka abin da aka cika ta da shi dole shi ma ya narke. Robar da ake cika saiwar manya da ita ba ta da wuri a nan. Mafi daɗewa shi ne kwaɓin zinki oksaid da yujinol, kuma yujinol ɗin shi ne man da ke cikin kanumfari, wanda ke nuna kakanninmu ba su yi kuskure ba game da kashe zafinsa, sai dai kanumfari ba ya cire mataccen nama. Wannan kwaɓi yana narkewa a hankali fiye da saiwar, har wani gutsure nasa kan saura a cikin ƙashi. Kwaɓin ayodofom da kalsiyam haidiroksaid, irin su Vitapex da Metapex, yana zuwa a sirinji, yana da sauƙin durawa, kuma abin da ya zarce saiwa yakan narke cikin makonni, amma wani lokaci yakan riga saiwar ƙarewa ya bar ta fayau. Akwai masu haɗa zinki oksaid da ayodofom da kalsiyam haidiroksaid wuri ɗaya don kowanne ya rufe gazawar ɗan'uwansa.

Daga Jami'ar Nigata ta Japan kuma aka samo wata dabara ta kwaɓa magungunan kashe ƙwayoyin cuta uku, metronidazol da sifrofuloksasin da minosaikilin, a ajiye a bakin saiwoyi a rufe ba tare da an shiga cikinsu ba. Tana da sauri, shi ya sa take jan hankalin mai aiki inda yara suka yi yawa, amma jagorar da ƙungiyar likitocin haƙoran yara ta Amurka ta fitar a 2020 ta taƙaita ta ga haƙorin da saiwarsa ta riga ta fara narkewa kuma ake son riƙe shi na abin da bai wuce shekara ɗaya ba.

Akwai kuma inda uwar nan ta farko take da gaskiya ɗari bisa ɗari. Idan kan haƙorin ya rushe har babu abin da hula za ta kama, ko ƙashin da ke tsakanin saiwoyi ya zaizaye har ya kusa tohon, ko saura 'yan watanni haƙorin ya faɗi da kansa, cirewa ita ce magani. Haka ma yaro mai ciwon zuciya ko raunin garkuwar jiki, inda barin gurbin ƙwayoyin cuta a baki ke da haɗari, kuma mai sikila dole a gaya wa likita tun kafin a fara komai. Idan kunci ya kumbura har ido ya fara rufewa, ko kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa da zazzaɓi, wannan ya wuce maganar kemis, sai a nufi babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ranar. Bayan cirewar ma akwai sauran aiki, musamman idan turmin madara na ƙarshe ne ya fita da wuri, domin turmin girma na farko, wanda ke ɓullowa a bayansa a shekara shida ba tare da ya maye gurbin kowa ba, yakan matso gaba ya cinye filin, sai haƙorin da ke ƙasa ya rasa hanya ya fito a karkace ko ya maƙale. Don hana haka ake ɗaura wa haƙorin da ke kusa zoben ƙarfe mai ɗan lanƙwasasshen waya da ta tokare giɓin. Ana duba ta duk wata shida, kamar yadda ake duba haƙorin da aka yi wa aikin ɓargo, kuma ranar da aka hango farin kan sabon haƙori yana leƙowa ta tsakiyar wayar sai a cire zoben.